Ƙarfen da Dam Ya Kawo Mana

Ni ɗiyar masunta ce daga Bakura. Aka kai ni aure gidan maƙera, a wani ƙauye na ƙasar Maradun da ke bakin gulbi, ba nisa da Dosara. Ƙauyen nan yau yana ƙarƙashin ruwa. Tun ina budurwa na san wuƙa, domin a gidanmu mace ba ta da aikin da ya wuce feɗe kifi da yin banda. In aka miƙo mini wuƙa na ja ta sau ɗaya a cikin tarwaɗa, zan faɗa maka ko ta kirki ce ko ta banza.

Ban daɗe da tarewa ba, wata safiya ina yanka albasa a gindin murhu, na ce wa uwar mijina, "Inna, wagga wuƙa ba ta riƙon kaifi. Ina anka sayo ta?" Inna ta yi dariya har da riƙe ciki, ta nuna mini ɗanta da haɓa. Yana tsugune bakin randa yana wanke fuska. Ashe shi ya ƙera ta. Na rasa inda zan sa kaina.

Ya goge fuska, ya fita maƙera. Da la'asar sai ga shi da wuƙaƙe biyu sababbi, ko ƙotarsu ba ta yi duhun hannu ba. Ya ajiye su a gabana.

"Ɗiyar masunta, tunda kin san wuƙa, riƙa waɗanga. Ki yi aiki da kowace, in kin gama ki gaya min wadda ta fi."

Daga ranar sunan ya bi ni, aikin ma ya bi ni. Duk sabon ƙarfen da ya shigo hannunsa, wuƙar farko tawa ce.

A lokacin ƙarfe ba shi da yawa a ƙauye. Akwai guntun tama da mahaifinsa ya bari, irin wanda mutanen dauri suke narkarwa daga dutse. Akwai ƙarfen ganga, akwai rodi. Duk masu taushi ne. Wuƙar tama tana da daɗin wasawa, kana goga ta a dutse ta yi kaifi, amma kafin ka gama yanka kwandon kuɓewa ta dakushe. Ba ta karyewa, sai dai ta lanƙwashe ka miƙe ta. Abin da kowane maƙeri ke nema shi ne sifirin mota, faffaɗan ƙarfen nan da ke ɗauke da nauyinta a kan ƙafafu, shi kuwa ba a samun sa sai mota ta mutu, kuma motocin da ke bin hanyarmu ba su da yawa. In maigidana ya dace da guntu ɗaya a kasuwar Talata Mafara, tun daga ƙofar gida nake jin muryarsa ta sauya.

Ina goyon ɗiyata ta biyu aka fara aikin dam a Bakolori. Muka ga abin da ba mu taɓa gani ba: katafila tana ture bishiyar da kakanni suka tarar, tifa bayan tifa, leburori daga ƙasashen da ba mu san sunansu ba. Ƙanen maigidana, wanda ke yi masa zuga, ya ajiye zugazugin fatar da yake hura wuta da su ya tafi can, aka ɗauke shi mai zuba wa injuna mai. Maigida ya ji zafin tafiyarsa. Amma ran da ƙanen ya fara dawowa hutu, ya sauke wani buhu a tsakar gida, ya yi ƙara kamar an kifar da kwanuka. Ƙarafa ne da aka zubar bayan gareji, an ce duk mai so ya kwasa.

Maigida ya tsuguna gaban buhun nan har abincinsa ya huce. Yana ɗaukar wannan ya juya, ya lasa wancan, ya jefa wani a kan uwar maƙera, dunƙulen ƙarfen da ake ƙira a kansa, ya karkata kunne ya ji ƙararsa. Yana da hanyarsa ta gwaji. Zai yanki ɗan guntu ya sa a wuta, in ya yi ja ya tsoma a ruwa, sannan ya karya shi da masaba ya duba cikinsa. In cikin ya yi laushi kamar garin da aka tankaɗe, ƙarfe ne mai asali. In ya yi tsaki-tsaki, sai ya taɓe baki ya jefa shi cikin tarin da za a yi fartanya. Wannan gwajinsa ke nan. Sauran gwajin yana wurina.

Shekarun nan ban taɓa rasa sabuwar wuƙa a kwandona ba. Yakan yi su tsawo ɗaya, ƙota iri ɗaya, ba ya gaya mini ƙarfen kowace, don kada in yi son kai. Sai dai ya yi wa ƙotar tsaga da shi kaɗai ya san ma'anarta. Ni kuma in yanka albasa da kuɓewa da kabewa, in feɗe kifi, in raba kan kurungu, kifin da ƙashinsa ke fallasa kowace wuƙa. Da yamma in ya dawo ya yi wanka, sai ya zauna a tabarma ya ce, "To, mi kika gani?"

Sifirin bai taɓa ba ni kunya ba. Wuƙarsa ba ta kai wasu kaifi ba, amma ka sari ƙashi da ita, ka yar da ita a kan dutse, ba abin da zai same ta. In ta dakushe, bakin tukunya ma ya isa ya tashe ta. Na ce masa wannan ita ce wuƙar talaka.

Ta magagari, abin nan mai haƙora da ake goge ƙarfe da shi, dabam ce. Tsofaffin magagarai da haƙoransu suka cinye, makanikai suka zubar, su yake buɗewa ya yi wuƙa. Ran da na fara ja ta a kan tumatir, ban ji na yanka komai ba, sai gani na yi ya rabe. Amma tana da zuciya. Albasa na taɓa ta ta yi baƙi, in ta kwana da jiƙa ta yi tsatsa. Na sa ta a kan kurungu, bakinta ya ɓalle kamar haƙorin yaro.

"Maigida, wagga sarauniya ce, ba ta son wahala. Tsoka kaɗai take ci."

Ya karɓa ya duba inda ta ɓalle, ya ce laifinsa ne, ya shayar da ita da ruwa maimakon mai. Shayarwa ita ce tsoma ƙarfe mai zafi a ruwa ko mai don ya yi tauri. Ya sake wata, ya shayar da ita da man gyaɗa, ya ɗan gasa bayanta a kan garwashi har bakin ya yi launin busasshen kara. Wannan ba ta ɓalle ba, amma ban sake kai ta kan kurungu ba.

Akwai waɗanda suka ba shi wahala a banza. Bakin katafila mun ɗauka shi ne sarkin ƙarafa, tunda shi ke fasa dutse. Ya ci gawayi rabin buhu kafin a yanki guntu, da aka yi wuƙar kuma ta ƙi kaifi, ƙarshenta turken akuya muka yi da sauran. Akwai zarton inji mai yanka ƙarfe, shi ko wuta ba ya so, ana dukan sa sai ya wargaje. Sai gogawa ya yi ta yi a dutse har ya fitar masa da baki. Wuƙar ta yi watanni ba ta dakushe ba, amma ran da ta dakushe na goga har kafaɗata ta yi tsami, dutsen ne ke cinyewa. Faifan garmar tarakta ya yi kyau a lauje, a wuƙa kuwa tsaka-tsaki.

Sai boris. Zobe ne na ƙarfe mai sheƙi da ke cikin ƙafar manyan motoci. Maigida ya daɗe yana fama da shi. Ga tauri ƙarƙashin masaba, ga tsoron wuta: in zafi ya yi kaɗan ya tsage, in ya yi yawa ya ruɓe kamar ƙosai. Ya ɓata da yawa kafin ya gano kansa. Wata rana ya ajiye mini wata wuƙa. Na yanka albasa da ita, na feɗe kifi, na raba kan kurungu, na koma kan tumatir, ta shige kamar ban yi komai da ita ba. Na ci gaba da aiki da ita har kasuwa ta zagayo, ta sake zagayowa, ban kai ta dutse ba.

"Maigida, wagga fa ban ga aibinta ba."

"Duba dai da kyau."

"Na duba. Kaifin magagari gare ta, ga haƙurin sifirin."

Ya dubi hannuwansa, ya ce, "Alhamdu lillahi." Ban taɓa ganin sa cikin farin ciki irin na ranar ba. Ya jera wuƙaƙen gwajin nan duka a jikin bangon ɗakinsa, kowace da kubenta, daga ta tama har ta boris. In baƙo ya zo sai ya shigo da shi ya yi ta bayani, ko baƙon yana so ko ba ya so.

Labari ya bazu. Wani mahauci na kasuwar Maradun, dogo mai yawan raha, ya zama ba ya riƙe wuƙar kowa sai tasa: ta boris don fiɗa, ta sifirin don ƙashi. Babana ma yakan zo daga Bakura ya kwashi na masunta ya tafi da su. Mun ɗauka arziki ne ya zo. Muna jin ana cewa ruwa zai ci garinmu, amma ba wanda ya gaskata. Gulbin da muke ƙetarewa da ƙafa da rani, ya za a yi ya hau tudu?

Ya hau. Aka zo aka ƙidaya ɗakuna da itatuwa, aka ce mu tashi. Muka tashi muna ganin ruwa yana lasar gonakin fadama, ya ci rijiya, ya ci maƙabarta inda mahaifin maigidana yake. Uwar maƙera aka fara ɗorawa a mota, Inna ta zauna kusa da ita tana riƙe da ƙullin kayanta, ba ta waiwaya ba.

Inda aka sauke mu tudu ne mai tsakuwa. An ba kowa fili, amma fartanya in ta sauka sai ta yi tsalle. Rijiya ɗaya ce, mai zurfi, mata na kwana layi a kanta. Gero ya fito ya tsaya iya gwiwa. Inna ba ta ga damina ta biyu a wurin ba. Manoman da ke kawo gyaran garma da lauje suka daina zuwa, domin wanda ba shi da gona me zai yi da lauje? Samari suka watse, wasu Gusau, wasu kudu. Da aikin ginin ya ƙare aka sallami leburori, ƙanen maigidana ma ya bi su, daga nan buhun ƙarfe ya daina zuwa.

Na ce ko a Bakura akwai sauƙi, tunda su ruwa bai ci su ba. Na je ganin gida. Abin da na tarar ya fi namu ban tausayi. Mu ruwa ya yi mana yawa, su an tare musu shi. Ambaliyar da ke cika fadama kowace shekara, ta bar kifi a tafkuna, ta bar laka a gonaki, ta daina zuwa. Na tarar da jirgin Baba a kife ƙarƙashin tsamiya, kaji na ƙwai a ciki. Wurin bandar da na tashi a cikin hayaƙinsa ya yi sanyi. Na kwance masa ƙullin wuƙaƙen da maigida ya aiko da su. Ya ɗauki ɗaya ya gwada a farcensa, ya jinjina kai, ya mayar cikin ƙullin ya ɗaure da kansa.

"Ki gaida min shi, ki ce aiki ya yi kyau. Amma ɗiyata, mi za mu feɗe da su?"

Na dawo da su kamar yadda na tafi da su.

Sai rigima ta tashi. Manoman da aka karɓi gonakinsu suka gaji da jiran diyya, suka tare hanyoyin shiga wurin dam ɗin. Maigidana bai je ba, ƙafarsa na ciwo a lokacin, amma maƙwabtanmu da yawa sun je. Wata safiya muka ji ƙarar bindiga daga nesa, ta daɗe ba ta tsaya ba. Waɗanda suka dawo sun dawo a guje, wasu ba su dawo ba har yau. Ba zan faɗi abin da idona bai gani ba. Abin da na gani shi ne, bayan haka wasu mutane masu ɗamara suka bi gida-gida suna neman makamai. Da aka ce musu nan gidan maƙeri ne, suka shigo har ɗaka. Suka ga wuƙaƙen nan jere a bango.

Maigida ya durƙusa yana yi musu bayani. Wannan ta tama ce, ta mahaifina. Wannan ta sifirin, wannan ta magagari, matata ke gwada su a kan albasa. Ba wanda ya saurare shi. Suka zuba su a buhu, suka haɗa da ƙullin da na dawo da shi daga Bakura, har da wadda ke hannuna ina yanka kuɓewa. Ba su taɓa shi ba, mun gode Allah. Da suka fita ya zauna yana kallon ƙusoshin da suka rage a bango. Ranar da hannu na tsinka kuɓewar miya.

Ya yi kwanaki bai hura wuta ba. Daga baya ya mayar da maƙerar cikin gida, bayan ɗakina, don kada a riƙa ganin sa. Ba mai yi masa zuga, 'ya'yanmu duk mata ne kuma ƙanana, sai ni na zauna bayan zugazugi. A garinmu na da, mace ba ta zama wurin nan. A nan ba wanda ya damu ya leƙo.

Sauran boris ɗaya gare shi, wanda ya tsira don an yi matashin randa da shi. Ya ce zai yi mini madadin wuƙata. Matsalar gawayi ce. Boris ba ya son kowace wuta sai ta gawayin ƙirya, mai zafi mai daɗewa, ƙirya kuwa katafila ta gama da ita, wadda ta rage tana cikin ruwa. Abin da muke samu gawayin sabara ne da geza, mai tashi fuu ya mutu. Na yi ta zuga har gumi ya jiƙa mini zane. Saman ƙarfen ya yi ja, amma ni ma na ga jan bai kai ciki ba.

"Maigida, a ƙara mishi wuta."

"Gawayin ya kusa ƙarewa. In munka jira, toka za mu samu."

Ya ciro shi da awartaki ya ɗora a uwar maƙera. Dukan farko lafiya, na biyu lafiya. A na uku na ji wata ƙara siririya, ya saki masaba ya dafe fuska. Bai yi ihu ba, salati kawai yake yi. Da na janye hannunsa na ga jini da wani ruwa na bin kuncinsa na dama.

Maƙwabci ya ɗauke shi a keke zuwa bakin hanya, daga nan mota ta kai mu asibiti a Talata Mafara. Suka yi iya ƙoƙarinsu, suka cire ɓarɓashin, suka ce idon ya tafi. Suka ce a kai shi babban gari a duba ɗayan, don wani lokaci ciwon yakan ƙetara. Muka ce to. Muka sayar da akuya, aka ci kuɗin a hatsi kafin a shirya tafiyar. Muka ce in an yi girbi. Girbin bai zo da komai ba. Kafin wata damina, idon hagu ya fara yi masa hazo.

Maƙeri da ido yake sanin wuta. Hannunsa bai manta komai ba, in ka ba shi ƙarfe zai shafa ya gaya maka ko sifirin ne ko faifan garma, zai buga ya ji ƙararsa. Amma launin ƙarfe a wuta, wanda shi ke faɗin lokacin duka da lokacin shayarwa, ya ɓace masa. Sai ya ce ni in zama idonsa.

"Ke kika san kaifi, launi ba zai gagare ki ba. In ya yi ja kamar nunannen tumatir ki ce min yanzu. In ya kai ruwan ƙwaiduwa, ya wuce."

Muka gwada da sifirin, tunda shi ne mai haƙuri. Ina zuga ina leƙen wuta, in na ga kamar ya yi in ce yanzu. Kafin ya lalubo da awartaki ya kai ruwa, zafin ya sauka. In na faɗa da wuri, wuƙar ta fito da taushi kamar ta ganga. In na jinkirta, mu ji ƙas a cikin ruwa, ta tsage. Kuma jan da nake gani da hantsi ba shi nake gani da yamma ba, shi kuwa ya san wannan bambancin tun yana yaro, ba a bakinsa yake ba balle ya koya mini. Wata rana ya kama gefen da bai kamata ba, tafin hannunsa ya ƙone har ya yi wari. Bai yi mini faɗa ba ko sau ɗaya. Da ma ya yi, da na fi samun sauƙi.

Cikin duk waɗanda muka yi, 'yan kaɗan ne suka fito da kyau. Na ba wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta kai kasuwar Talata Mafara. Ta dawo da su da yamma, ta ce kasuwa ta cika da wasu fararen wuƙaƙe na kanti, masu ƙotar roba, ba sa tsatsa, ga araha. Ta sayo ɗaya don mu gani. Maigida ya shafa ta, ya lanƙwasa ta da yatsu biyu, ya miƙo mini.

"Gwada ki gaya min."

Na yanka albasa ɗaya lafiya, a ta uku ta fara murje ta. Na gaya masa gaskiya, ko ta tama ta fi ta.

"To mi ya sa suke saye?"

Tsohuwar ta ce, "Malam, wa ke yanka abin da zai dakusar da wuƙa yanzu? Kuka da gishiri ba su son kaifi."

Daga ranar bai sake cewa in hura wuta ba. Ni na riƙe gidan da surfe da ɗibar ruwa, daga baya da aka fara noman rani a filayen dam, ina bin mata muna tsinkar tumatir da cirar albasa a gonakin waɗanda suka samu fili. Shi kuma yana zaune a inuwar ɗaki da dutsen washi a gabansa. In mace ta kawo farar wuƙarta ta kanti ya wasa mata, ta ba shi abin da ta ba shi. Yakan ce ƙarfen nan ba ya jin magana, kana tashin bakin yana kwanciya.

Bayan wasu shekaru, wata ranar kasuwar Maradun da yamma, muka ji sallama a ƙofar gida. Mahaucin nan ne dogo. Ya yi ta tambaya kafin ya gano inda aka mayar da mu. Ya rame, rahar ma ta ragu. Na shimfiɗa musu tabarma, suka daɗe suna gaisawa, ya gajiya, ya iyali, ya ƙarin haƙurinmu. Sannan ya zaro wata wuƙa daga kube ya sa a hannun maigida. Ta boris ce, ta cinye saboda wasawa har ta koma kamar tsinke.

"Maƙeri, ka ga abin da ya rage. Na yi ta lallaɓa ta. Na gwada na wasu, ba su yi min ba. Ga boris na samo wajen wani makanike, ka yi min ko ɗaya ce."

Ya ajiye zoben a kan tabarma. Maigida ya lalubo shi, ya juya shi a hannu, ya ƙwanƙwasa shi da farce ya kai kunne. Na ga yatsunsa suna bin cikin zoben suna neman inda za a fara yanka. Ina tsaye bakin ƙofa da kwanon ruwa, har na fara tunanin inda zan samo gawayi.

"Mai kyau ne," in ji shi. "Wanga ya fi wanda na yi ma waccan da shi."

"To, Alhamdu lillahi."

"Kai shi Gusau, ka nemi maƙeri mai ido. Ka ce mishi kada ya yi gaggawa, kuma da mai ake shayar da shi, ba da ruwa ba."

Mahaucin ya yi ta roƙo, ya ce zai kawo gawayi, zai kawo mai zuga. Maigida ya mayar masa da zoben a hannu, ya naɗe masa yatsu a kai. Mutumin ya tashi, ya bar mana ɗan nama a ganye, ya tafi kafin magariba ta same shi a hanya.

Washegari da safe zan tafi rijiya, gugarmu ta yage, ina neman tsumman da zan toshe ta. Ya ji ina mita, ya tambaye ni me ya faru. Na gaya masa. Ya ce in ɗauko zugazugi. Na ɗauko, na kakkaɓe ƙura da gidan zanzaro. Ya shafa fatar, ya ce har yanzu da sauranta, akuyar kirki ce. Ya ce in kai wa baduku ya farke ta, za a samu guga biyu, in riƙe ɗaya in sayar da ɗaya.

Na ce, "Maigida, a bari mana, ko Allah zai sa wata rana..."

"Kai mishi, rana na yi. Layi zai yi tsawo."

Na kai. Badukun ya ce fatar ta bushe da yawa, guga ɗaya kaɗai za ta yi. Da ita na ɗebo ruwan da aka yi wa maigidana wanka, da ya rasu a farkon daminar da ta biyo.